Ruwan Sama a Kan Dusar Ƙanƙara

Raliya ba ta taɓa ganin dusar ƙanƙara da idonta ba, amma ita ce abincinta. Kullum sai ta hau bene hawa na huɗu a unguwar Ma'adi, ta ɗaura abin magana a kunne, ta yi ta gaya wa Faransawa yawan wadda ta zuba a kan wani tsauni da ko sunansa sai da harshenta ya sha wuya kafin ya iya.

Kamfanin na masu kai mutane hutu ne. Suna da masauki can ƙasar Faransa a gindin tsaunin, inda Turawa ke tururuwa lokacin sanyi, su ɗaura dogayen katakai a ƙafa su yi ta zamiya daga sama zuwa ƙasa. Mai son zuwa yakan bugo waya ya ji ya wurin yake kafin ya kama hanya. Su a zatonsu wayar a gindin tsaunin take ƙara. A Alƙahira take ƙara, a saman shagon wani mai gyaran firji, kuma wadda ke ɗauka tana cewa sunanta Rozali, Raliya ce, 'yar Maradi.

Zuwanta Masar ma ba don aiki ba ne. Mardiya ce ta haihu, matar yayanta Tanimu da ke karatu a jami'a, ba su da kowa a kusa, sai Inna ta turo Raliya ta yi musu zaman jego. To jego ya ƙare tuni, yaron, Abdurrahim, har ya fara jan ciki. Wata rana suna cin abinci Tanimu ya ce, "Bayan ƙaramar Sallah za ki koma gida, sai fa in kin samu abin da zai riƙe ki a nan." Ba da faɗa ya faɗa ba. Ita kuwa ba ta son komawa. Ba ta taɓa gaya wa kowa dalili ba. Ta dai san a garin nan ne kaɗai take shiga jirgin ƙasan metro ita kaɗai, ta zauna, ba wanda ya san 'yar gidan wa ce, ba wanda zai kai labari gida cewa an gan ta.

Faransancin da ta yi a makaranta shi ya samo mata aikin. Gwaji ne na wata guda. Wadda ta yi, a bar mata kujerar. Wadda ba ta yi ba, a ce mata ma'alish, wato sai haƙuri.

Shugabarsu Madam Widad ce, wata doguwar mata 'yar Tunis mai rataye tabarau a wuya. Ranar farko ta koya musu yadda ake karanta rahoton yanayi da ke zuwa daga tsaunin kowace safiya: zurfin dusar a can ƙololuwa, zurfinta a ƙasa kusa da masauki, ƙarfin iska, sanyi ko ɗumi, hanyoyin zamiya da aka buɗe da waɗanda aka rufe, sai hasashen kwanakin da ke tafe. Ta kuma kafa musu dokoki. Ba a faɗin inda ake. Ba a cewa in sha Allah. Ba a yin shiru a waya.

Na ƙarshen ne ya fi ba Raliya wuya, don ita shiru ne ɗakinta. Amma ta iya kallo. A gefen allon kwamfutarta akwai ɗan hoto mai motsi da ake ɗaukowa kai tsaye daga tsaunin. In ba kira, nan take zuba ido. Fari fat ko'ina, kamar an zazzage buhunan fulawa, ga mutane ƙanana kamar ƙwari suna gangarowa, wasu su faɗi, su tashi su kakkaɓe, su sake hawa don su sake gangarowa. Ba ta gane abin da ke cikin wannan ba, ba ta kuma tambaya ba.

Makonni biyun farko lafiya lau. Muryarta a hankali take, tsofaffi suna son haka. Israa, Bamasariyar da ke zaune kusa da ita, takan leƙo ta ce, "Ke wallahi kamar kina lallashin jariri. Ni in na yi magana sai su ce a ba su manaja."

Ranar wata Laraba rahoton ya zo da wani sabon abu. Iska za ta juyo daga kudu, gari zai sassauta, kuma ranar Asabar za a yi ruwan sama mai yawa, har kusa da ƙololuwa.

Raliya na ganin kalmar ruwa ta ji ranta ya yi sanyi. Haka aka gina ta. A gidansu in an ga hadari ya haɗo daga gabas, Baba kan fito tsakar gida ya tsaya yana kallon sama bakinsa na motsi, Inna ta hau jera bokitai. Ba ta taɓa jin an ambaci ruwa an ɓata fuska ba. Sauran kuwa ta yi lissafinsa a ranta, lissafi mai sauƙi: in ka sa ruwa a firji ƙanƙara yake zama. Wurin nan kuwa ai ya fi firji. Ruwa zai sauko, sanyi ya kama shi, dusa ta ƙaru. Ta ɗan kalli Israa kamar za ta tambaye ta, ta gan ta tana faɗa da wani a waya, sai ta bari.

Wajen hantsi wani tsoho ya bugo daga birnin Liyon. Ya ce jikokinsa uku ne suka zo masa hutun makaranta, ya yi musu alkawarin tsauni, ƙaramar cikinsu ba ta taɓa zamiya ba. Ya ce gwiwarsa ba ta son doguwar tuƙi, don haka a gaya masa gaskiya: ya taho Asabar ɗin nan, ko ya ɗaga?

"Ka taho, ranka ya daɗe," in ji Raliya, da muryar mai kai albishir. "Ranar Asabar dusar za ta ƙaru sosai. Yaran za su ji daɗi."

"Kin tabbata, Rozali? Wani maƙwabcina ya ce gari zai yi ɗumi."

In sha Allah ya taso mata har maƙogwaro, ta haɗiye shi. "Haka rahotonmu na safiyar nan ya nuna."

Ya yi mata godiya har sau biyu, ya ce ta kyauta. Ta yini da jin daɗin wannan. A mota ma, tsakanin metro da unguwarsu Hay el-Sabi', ta tsinci kanta tana tunanin ƙaramar jikar, ko wane irin hula za a sa mata.

Ranar Litinin da ta kunna kwamfuta sai ta ɗauka hoton ne ya lalace. Farin nan babu shi. Ƙasan tsaunin ya koma ruwan ƙasa, caɓi da ciyawa a kwance, sai ɗan fari-fari nan da can kamar tsumman da aka yar. Kujerun da ke ɗaukar mutane sama suna rataye a igiya, ba kowa a ciki. Tana cikin kallo Madam Widad ta taɓa mata kafaɗa.

Ofishin Madam ɗan ƙarami ne, bangonsa gilashi, duk wanda ke waje yana ganin na ciki. Ba ta ce mata ta zauna ba. Ta danna wani abu, sai Raliya ta ji muryarta tana fitowa, sirirya, cike da murna: ka taho, ranka ya daɗe.

"Mutumin nan ya tuƙo mota da yara uku," in ji Madam Widad. "Ya tarar da taɓo. Kwana biyu suna zaune a ɗaki suna kallon talabijin. Jiya ya kira, ni na ɗauka, kunnena har yanzu zafi yake. Rahoton ranar Laraba me ya ce?"

"Ruwa."

"Ke kuma kika ce masa me?"

Raliya ta sunkuyar da kai. Da ƙyar ta yi bayanin firjin. Madam Widad ta sa tabarau ta dube ta, ta cire, ta sake dubanta.

"Ya binti, 'yata," ta ce, "in da sanyin ya isa, ai ba zai sauko a ruwa ba tun farko. In kin ga an rubuta ruwa, to ɗumi ne ya shigo. Kuma ruwa cinye dusa yake. Abin da ta tara a wata guda, a dare ɗaya sai ya wanke shi. A wurin mutanen nan ba labarin da ya fi ruwa muni. Ba a koya muku wannan a ƙasarku ba?"

"A wurinmu ruwa gyara yake."

"To nan ba wurinku ba ne. Can ma ba wurinku ba ne." Ta ja numfashi. "Ban kore ki ba, don laifina a ciki, ban zaci akwai wanda sai an gaya masa ba. Amma ɗumin nan zai kai ƙarshen mako, kuma ranar Juma'a gwajinku ke ƙarewa. Daga yau duk wanda ya tambaya, ga abin da za ki ce: abin takaici, ana sa ran ruwan sama. Da wannan za ki fara. Mutum yana son ya ji kina tare da shi kafin ki ba shi mugun labari. Zan riƙa saurarenki. Tamam? Kin gane?"

"Tamam, Madam."

Da ta dawo kujerarta Israa ta riga ta ji komai, don gilashin ba ya riƙe magana. Ta toshe bakin abin maganarta da hannu tana ƙyalƙyala dariya. "Firji! Wallahi sai na ba mamata labari. Ya Rozali, ke da a ce ke ce mai hasashen yanayi a talabijin, da an yi ambaliya kina guɗa."

Raliya ta yi ɗan murmushi don kada a ce ta ji haushi.

A ranar ta faɗi gaskiya ga kowa. Za a yi ruwa, dusar ƙasa ta narke, hanyoyi kaɗan ne a buɗe can sama. Ba ta rage komai ba. Kalma biyun farkon ne kawai ba su fita. Takan buɗe baki da niyyar faɗa, sai ta ji ta tsallake su ta faɗa kan ruwan kai tsaye, kamar mai tsallake kwata. Washegari ma haka. Da yamma Madam Widad ta tsaya a bayanta tana sa jaka a kafaɗa.

"Ba ki faɗa ba."

"Na gaya musu komai, Madam."

"Kin gaya musu kamar mai ba su kyauta. Muryarki tashi take in kin zo kan ruwan, kin sani? Wata mata ta tambaye ni ko dariya kike mata. Ba shawara na ba ki ba, Rozali. Haka ake aikin."

A gida ta tarar Mardiya na tuƙa tuwon semo, yaron a goye, tagogi duk a rufe saboda sanyi. Raliya ba ta yi niyyar ba da labari ba, amma Mardiya irin matan nan ne da ke karanta fuska tun daga bakin ƙofa.

"'Yar Faransa, yau kuma wa ya taɓa mana ke? Ko wani Bature ne ya ce yana so, kika ce sai an tambayi Yaya?"

Sai da ta gama ji tsaf sannan ta ajiye muciya ta riƙe ƙugu. "Yanzu ke saboda Allah a kan wannan za ki bar aiki ya kuɓuce? Ni ki ba ni wayar. Abin takaici, abin baƙin ciki, abin kuka, duk sai in jero musu har su ce ya isa. Ruwan ma na Turawa ne, ina ruwanki da shi? Gero suke shukawa a kan dutsen?"

"Ruwa ai ruwa ne, Yaya Mardiya."

"Ji ta. To in kin koma Maradi wa zai riƙe mini Abdurrahim in shiga wanka? Ke dai ba ki da tausayi."

Tanimu ya shigo da littattafansa a hammata, aka maimaita masa. Ya zauna ya cire safa, ya gyara zama irin na ɗalibin da aka kawo wa mas'ala. Sannan ya ce ba ya ganin laifi a ciki. Ya ce ba ruwan take zagi ba, halin da mutanen suka shiga take tausaya wa, kuma ko a addini akwai addu'ar da ake yi in ruwa ya yi yawa, a roƙi a karkatar da shi gefe. Ya kawo maganar malamai biyu, ya bambanta tsakaninsu, ya zaɓi ɗaya.

"Kin ji fatawa kyauta," in ji Mardiya. "Khalas, magana ta ƙare. A zuba miya."

Raliya ta ce to. Ta san Yaya ya fi ta sani. Sai dai abin nata ba a nan yake ba. Tana 'yar shekara tara ruwa ya taɓa dukan kayan makarantarta a kan igiya, ta shigo tana ƙunƙuni ta ce wannan ruwa ya cuce ta. Baba bai doke ta ba. Ya dube ta kawai ya ce, "Ki mayar da maganar nan." A shekarar ruwa ya ɗauke gero na cikin fitar da kai, suka ci rabin rumbu kafin sanyi ya shigo. Ta girma ta san ba bakinta ya jawo ba. Saninta bai kai ga harshenta ba.

Tanimu na wanke hannu ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "In dai ba zai yiwu ba kada ki takura kanki. Inna ma kullum sai ta tambaye ni yaushe za ki taho."

Wannan ya fi duk fatawar shiga jikinta.

Ranar Laraba da Alhamis ta yi ta gwadawa a hanya. A cikin metro, fuskarta a jikin gilashin ƙofa, takan motsa leɓe ba sauti. A nan yana fita. In ta zauna kira ya shigo, sai ya maƙale. Ta gwada dabara, ta riƙa cewa ku yi haƙuri, za a yi ruwa. Madam Widad ta wuce ta ce ba haƙuri aka ce ta ba su ba, ita ba ta yi musu laifin komai ba.

Ranar Juma'a rahoton bai canza ba. Iskar kudu, ɗumi, ruwa Asabar da Lahadi. A hoton wani mutum da jar riga yana tafe a taɓo, katakan zamiyarsa a kafaɗa. Da misalin hantsi Madam Widad ta jawo kujera ta zauna a gefen Raliya, ta jona nata abin sauraren a wayar.  Israa ta gyara zama ta yi kamar tana duba allonta.

Kira ya shigo. Wata mata ce, magana da sauri, ana jin kare na haushi a bayanta. Ta ce sun kama ɗaki tun kaka, jakunkunansu na bakin ƙofa, ita dai a gaya mata yadda gobe za ta kasance.

Raliya ta dubi rahoton duk da ta haddace shi. Ta ji ƙamshin turaren Madam. Shirun ya fara tsawo, irin wanda aka hana.

"Alo? Kina ji na?"

"Ina jin ki, Madam," in ji Raliya. "Abin takaici, ana sa ran ruwan sama gobe da jibi."

Ya fita sumul, kamar kowace magana. Matar ta yi tsaki ta ce ta sani, ta san haka za a yi, shekara uku ke nan tsaunin nan na yi mata haka. Raliya ta gaya mata hanyoyin da ke buɗe can sama, ta gaya mata za a iya ɗaga mata ɗakin zuwa wani makon. Matar ta huce, ta ce bari ta yi magana da mijinta, ta ma yi godiya kafin ta ajiye.

Madam Widad ta zare abin kunnenta ta naɗe igiyar a yatsu. "Kin gani? Ba wanda ya mutu." Ta miƙe ta mayar da kujerar inda ta ɗauko. "Litinin ki zo da fasfonki da hotuna, a yi miki katin shiga. Kujerar taki ce."

"Mabruk, barka, ya firji," in ji Israa ƙasa-ƙasa, ta tura mata rabin biskit.

Kira na gaba ma ta faɗa, da na bayansa. Kafin azahar bakinta ya saba, har ta lura muryarta na sauka da kanta in ta zo wurin, yadda ta Israa ke yi.

Da lokacin salla ya yi ta shiga banɗakin mata ta yi alwala. Ruwan famfon sanyi ƙarara. Ta kurkure baki sau uku yadda aka saba, ta tsaya, ta sake ɗiba ta kurkure. Wata 'yar Masar da ke jiran famfon ta ce, "Yalla, yi sauri, ya habibti, mu ma za mu yi." Raliya ta matsa mata.

Ta yi salla a lungun da suke shimfiɗa darduma bayan na'urar buga takardu. Ta aika wa Mardiya saƙo cewa an ɗauke ta, ta ce mata ta gaya wa Yaya. Kafin amsa ta zo wayar teburinta ta fara ƙara, ta koma ta zauna, ta gyara abin maganar a kan mayafinta, ta ɗauka.